Tifa ta kashe yayana, an kawo mana dubu 500 da shinkafa: mu sa hannu ko mu tafi kotu?

Tela_Hotoro:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai dole ta sa.

Kwana 36 ke nan da rasuwar yayana. Direban adaidaita sahu ne, shekararsa 41. Wata Talata da sassafe ya ɗauki fasinja biyu daga Hotoro zai kai su Mariri. Ya tsaya gefen titin Maiduguri, ya sauke su, yana lalube aljihu zai ba su canji, sai tifa shaƙe da yashi ta taho ta bayansa ta haye adaidaitan. Ni aka fara kira, domin lambata ce ta ƙarshe da ya buga. An kai shi Asibitin Murtala, likitoci sun yi iya yinsu, ya yi kwana biyu bai san inda kansa yake ba, daren Alhamis ya cika. Ni na riƙe masa hannu.

Direban ya ce birki ne ya tsinke masa. To amma mai shayin da ke wurin da wani mai faci duk sun ji yaron motar yana kuka yana cewa kwana uku suna faɗa wa oga birkin nan yana wasa, ya ce su lallaɓa zuwa ƙarshen mako. Motar ta wani kamfani ce mai tifofi da yawa, ba zan faɗi suna ba. An tsare direban a ofishin 'yan sandan MTD, masu kula da haɗurran mota, kwana huɗu aka ba da belinsa. Motar ma na ji an sake ta, tana kan aiki.

Yaya ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, maza uku mata biyu. Babban shekararsa 14, 'yar autar wata takwas. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Hajiyarmu na nan da ranta, kuma shi ke saya mata maganin hawan jini duk wata. Gidan haya suke. Adaidaitan ma bashi ya ɗauko yana biya duk mako, saura wata bakwai ya zama nasa, yanzu ya zama tarkacen 'yan gwangwan. Ni tela ne, keke biyu gare ni a shago, nawa yaran uku.

Ranar sadakar bakwai wakilan kamfanin suka zo tare da mai unguwa da wani limami. Sun yi ta'aziyya, sun ajiye naira dubu 500, buhun shinkafa biyu da jarkar mai. Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan, ya ce kwana ne ya ƙare, mun yafe duniya da lahira. Aka shafa fatiha. Ni a lokacin kaina ba ya tare da ni, ban ce komai ba.

Makon jiya suka dawo da takarda shafi biyu da Turanci, wai Baffa da ni da matar Yaya mu sa hannu. Na karanta iya abin da na gane, na ga wurin da aka ce ba za mu sake neman komai ba a wurin kamfani ko direba. Na ce a ba ni lokaci. Tun ranar gidanmu ba lafiya. Baffa ya ce na watsa masa ƙasa a ido a gaban mutane. Wata gwaggonmu ta ce so nake na ci kuɗin jinin ɗan'uwana. Hajiya kuka kawai take yi, ta ce in bar shi ya kwanta lafiya a kabarinsa. Matar Yaya tana ɗaki tana takaba, babu wanda ya tambaye ta ra'ayinta, ko da wasa.

Wallahi ba na son sisin kwabo daga ciki. Abin da ke hana ni barci shi ne kuɗin hayarsu zai ƙare bayan Sallah, kuma babban yaron ya fara cewa zai bar makaranta ya koyi tuƙin adaidaita.

Don Allah masu sani ku taimaka min. Idan muka kai ƙara mun ja da ƙaddarar Allah ke nan? Yafewar da Baffa ya yi ta rufe maganar? Idan kuma da hanya, wace kotu ake zuwa, me ake buƙata, kuma talaka irina zai iya?

Abu_Safwan:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ɗan'uwa, ni shawarata ka bi maganar manya. Shari'a da mai kuɗi a ƙasar nan sai ka sayar da kekunan ɗinkinka ba a gama sauraron shaida na farko ba. Ga kuma zumunci da zai lalace. Mahaƙurci mawadaci, Allah da ya halicci yaran nan ba zai bar su ba.

Barista_Kofar_Nassarawa:

Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Malam Tela, kafin komai: kada ka sa hannu a takardar nan, kada kuma a kai wa matar marigayi ita a ɗaki a ce ta dangwala yatsa. Ka ɗauki hotonta da waya ka ajiye. Kuɗin da aka kawo, in ba a taɓa su ba a bar su yadda suke, in an taɓa a rubuta nawa aka kashe kuma a kan me. Karɓar abin da aka kawo wurin ta'aziyya daban, sa hannu cewa an sallame ku gaba ɗaya daban. Na biyun ne yake da wuyar warwarewa.

Mutane suna haɗa abu biyu wuri guda. Akwai shari'ar laifi, wadda hukuma ke yi da direba a kan tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai. Wannan ta 'yan sanda ce da ma'aikatar shari'a, ku shaidu ne kawai a ciki. Ko an ɗaure direban shekara goma, wannan ba zai biya wa yaran nan haya ba. Sannan akwai ƙarar neman diyya, wadda iyalin mamaci ke shigarwa da kansu. Ba sai an jira an gama waccan ba, kuma ko an sallami direban a can ba lalle ne taku ta mutu ba.

Dokar da ake tsayawa a kanta a nan Arewa ita ce dokar haɗurran da suka jawo mutuwa, wadda ta samo asali tun zamanin Jihar Arewa a 1956, jihohi suka gaje ta. Ma'anarta a taƙaice: duk wanda sakacinsa ya kashe mutum, ta yadda da mutumin ya rayu zai iya kai shi ƙara, to iyalan mamacin na kusa, mata da 'ya'ya da iyaye, suna da damar su kai ƙarar. Sau ɗaya ake shigar da ita a madadin kowa, don haka dole a lissafa duk wanda yake ci a ƙarƙashin marigayi, har da Hajiya. Yara ƙanana ana shigar musu ta hannun babba, galibi mahaifiyarsu. Wa'adinta shekara uku daga ranar rasuwa. Amma kada wannan ya sa ku kwanta. Da a ce motar gwamnati ce ko ta wata hukuma, akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ke rage wa'adin zuwa wata uku kacal, kuma na ga iyalai da dama da suka rasa haƙƙinsu saboda sun tsaya sai an gama takaba. Taku ta kamfani ce, kuna da sarari, sai dai shaida ba ta jira.

Wa za ku kai? Ba direba kaɗai ba, shi ma talaka ne kamar ku. A doka, abin da ɗan aiki ya ɓata a bakin aikinsa ubangidansa na ɗauka. Don haka direba da kamfanin da ya ɗauke shi za a haɗa, kuma tunda kamfani ne mai rajista ga maganar inshora a ciki, Babbar Kotun Jiha ce wurin da aka saba kai irin wannan. Idan har ta tabbata an gaya wa mai mota birki ba shi da kyau ya ce a lallaɓa, wannan sakaci ne nasa na kansa, ba na direba kawai ba.

Maganar inshora ita ce mutanenmu suka fi jahilta. Duk motar da ke kan titi doka ta tilasta mata inshorar da ke kare wanda aka buge, tun dokar 1945. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira dubu 15 ga ƙaramar mota, dubu 100 ga manyan motoci irin tifa. Ba don a nuna wa ɗan sanda a shingen bincike aka yi ta ba, don rana irin wannan aka yi ta. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa. Ka samo lambar motar a duba a shafin intanet na askniid ko inshorarta ta gaskiya ce. In ta gaskiya ce, lauya ya rubuta wa kamfanin inshorar da wuri, domin rashin sanar da su a kan lokaci na ba su ƙofar zillewa. In ta bogi ce, nauyin ya dawo kacokan kan mai mota, kuma ya ƙara wa kansa laifi.

Abin da za ka fara tarawa tun gobe: rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗari da suka yi, rahoton jami'an duba lafiyar mota idan sun gwada birkin kafin a sake ta, takardar asibiti mai nuna dalilin mutuwa, takardar shaidar rasuwa daga hukumar ƙidaya, da duk wani rasit na magani da na jana'iza. Kotu ba ta biyan kuɗin da aka kashe sai da takarda. Mai shayi da mai faci da fasinjojin nan biyu, ka karɓi lambobinsu da kwatancen gidajensu, lauya ya ɗauki bayaninsu a rubuce tun abin yana sabo a kansu. In wani ya ɗauki bidiyo, kada a tsaya a wanda aka turo ta WhatsApp, a san wayar da ta ɗauka. Sai abu mafi muhimmanci wanda ake mantawa: shaidar abin da marigayi yake samu. Alƙali yana duba nawa yake kashe wa iyalinsa a shekara, da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da nema, daga nan yake yin lissafi. Ɗan adaidaita ba shi da takardar albashi, amma littafin da mai adaidaitan ke rubuta biyan mako-mako shaida ne, katin ƙungiya shaida ne, rasit ɗin haya da na makarantar yara duk shaida ne.

Ba zan yaudare ka ba. Lauyan kamfani zai ce yayanka ne ya tsaya a inda bai kamata ba, kuma in kotu ta ga yana da nasa kason laifin za ta rage kuɗin gwargwadon haka. Shari'ar na iya ɗaukar shekaru, kuma ko kun ci suna iya ɗaukaka ƙara. Shi ya sa sau da yawa abin da ya fi shi ne lauya ya rubuta musu wasiƙar neman haƙƙi, a zauna sulhu da takardu a gaba. Babbar Kotun Kano tana da zauren sasanci a harabarta da ke Sakatariyar Audu Bako, kuma abin da aka cimma a can ana iya kai wa alƙali ya sa hannu ya zama hukunci. Wanda ya ba da dubu 500 a zauren makoki, yakan canja murya idan ya ga wasiƙar lauya da rahoton birki.

Batun kuɗin lauya, ka leƙa ofishin Legal Aid Council, su gwamnatin tarayya ta kafa don marasa ƙarfi, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tunda akwai mai takaba da marayu. Akwai kuma lauyoyin da ke yarda sai an samu kuɗi su cire kasonsu. In haka za ku yi, a rubuta kason a takarda tun ranar farko.

Dalibi_Madabo:

Allah ya yi masa rahama. Barista ya yi bayanin ɓangaren boko, bari in ɗan taɓa abin da ya fi damunka, don na lura maganar gwaggonku ce ta tsaya maka a rai.

Diyya ba ƙirƙirar lauyoyi ba ce, Allah ne ya shar'anta ta. Ka buɗe Suratun Nisa'i aya ta 92. A kan kisan kuskure take magana, ba na ganganci ba. Wato ko da an yarda ɗari bisa ɗari direban bai yi nufi ba, hukuncin shi ne kaffara a kansa, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere, da kuma diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su ne suka yafe. Wanda ya saukar da wannan aya ya fi kowa sanin cewa kwanan mamacin ne ya ƙare. Da karɓar diyya ja da ƙaddara ne, da bai wajabta ta ba. Mu da muka yi karatun zaure mun karanta a Risala: raƙuma 100, ko dinare 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinare ɗaya giram 4.25 ne, ka ga dubu ya kama sama da kilo huɗu na zinare. Ka je Kasuwar Rimi ko Sabon Gari ka tambayi masu gwal farashin giram ɗaya, ka ninka. Ya haura naira miliyan 100 nesa ba kusa ba. Ban faɗi haka don in sa maka rai da wannan adadi ba, sulhu a kan abin da bai kai haka ba yana halatta. Na faɗa ne don ka ga darajar da Musulunci ya ba ran da aka yi wa kuɗi dubu 500 da shinkafa.

Yanzu ga gaɓar da ta fi muhimmanci. Wa ke da ikon yafewa? Mai haƙƙi. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake rabon gado. A mas'alarku magada su ne matarsa da tumuni, ɗaya bisa takwas, Hajiya da sudusi, ɗaya bisa shida, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Tunda akwai ɗa namiji, kai ɗan'uwansa ba ka da ko kwabo, balle Baffa. To mutum yana yafe abin da ba nasa ba? Baffa ya yi abin da ya ga manya na yi, kuma niyyarsa mai kyau ce, Allah ya ba shi lada. Amma yafewarsa ta tsaya a kan ɓacin ransa shi kaɗai. Hajiya in ta so ta yafe sudusinta, ta yi sadaka. Matar ma haka, in da son ranta ne ba don kunyar surukai ba. Rabon yaran kuwa, babu wanda ya isa ya kyautar da shi, ko uwar da ta haife su, domin waliyyi ba ya taɓa dukiyar maraya sai ta hanyar da za ta amfane shi. A farkon surar nan dai Allah ya yi gargaɗi mai tsanani a kan dukiyar marayu.

Na ɗan yi lissafi. In aka raba dubu 500 ɗin nan, matar za ta samu 62,500, Hajiya wajen 83,000, kowane yaro namiji wajen 88,500, ita kuwa jaririyar nan mai wata takwas wajen 44,000. Abin da za ta samu ke nan a madadin uban da ba za ta taɓa sani ba.

Shawarata kada ka yi musu da Baffa a gaban mutane. Ka samu malamin da yake jin maganarsa, ku je gida bayan Isha'i, a karanta masa ayar. Dattawanmu ba sa ƙin gaskiya in ba a kunyata su ba.

Maman_Khalifa:

Ƙanena, na karanta rubutunka sau biyu ina hawaye, domin na zauna a irin ɗakin da matar yayanka take zaune yanzu.

Maigidana motar haya ce ta wani kamfanin sufuri ta buge shi a titin Zariya, wajen Na'ibawa, yana kan babur zai tafi aiki. Ya bar ni da yara huɗu da ciki. Ni ma a zaure aka yafe, ina ciki ina jin ana shafa fatiha ban san a kan me ba. Sai da na haihu, na gama wanka, wani ƙanin mahaifiyata ya kai ni wurin lauya. An yi sa'a ba a sa hannu a komai ba.

Shekara huɗu muka yi. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ranakun da na yi da-na-sani. Ka yi sammako, ka bar yara wurin maƙwabta, ka biya kuɗin mota, ka zauna a benci har azahar, a ce alƙali ya tafi taro, ko lauyansu ya aiko ba shi da lafiya, a ɗaga zuwa wata biyu. An yi yajin aikin ma'aikatan kotu a tsakani. Shaidunmu uku ne, ɗaya ya koma garinsu lambarsa ta daina shiga, ɗaya ya ce shi ba ya son shiga rigimar manya. Wani mai sayar da rake ne kaɗai ya tsaya, tsoho, sau uku yana barin sana'arsa yana zuwa, Allah ya saka masa da Aljanna. Ranar da lauyansu ya yi min tambayoyi har cewa ya yi wai mijina ba shi da lasin, kamar shi ne ya kashe kansa. Na fito na yi kuka a gindin bishiya.

A ƙarshe su suka nemi sulhu, da suka ga shaidar tsohon nan ta zauna. Abin da aka ba mu bai kai rabin abin da lauya ya nema ba, kuma kafin ya zo hannu darajar naira ta zube. Amma da shi na sayi ɗan gida mai ɗaki biyu a Sheka da sunan yaran, kuma yau babu mai ƙwanƙwasa min ƙofa a kan haya. Babbar 'yata tana makarantar koyon aikin jinya.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, ka shiga wurin matar nan, ka tafi da matarka ko wata 'yar'uwarku, ka zauna daga bakin ƙofa ka tambaye ta me take so. Ita ce za ta tsaya a gaban alƙali, ita za a yi wa gori a unguwa, ita za a ce ta fi son kuɗi da mijinta. In ba ta shirya ba kada ka ja ta da ƙarfi, a nemi sulhu mai mutunci. Na biyu, duk abin da aka samu a kai kotun Musulunci a raba a rubuce, rabon yara a sa a ƙasa ko gida da sunansu. Waɗanda suka ce min ina cin kuɗin jini, su ne suka fara zuwa rance da kuɗin ya fito. Wannan da idona na gani.

Dattijo_Fagge:

Allah ya jiƙan musulmi. Ni tsoho ne, jikana ke rubuta min. Ga Abu Safwan da ya ce ba a shari'a da mai kuɗi, ina nan garin a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyayen talakawa ne irinmu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma an yi ta shari'a a nan da Amurka, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75. Sai a 2011 aka fara biyan iyalai huɗu na farko dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya tabbatar 'ya'yansu ne. Shekara 15 ke nan, wasu iyayen ba su ga ranar ba. Wasu kuma da dama an rasa yadda za a tabbatar da nasu saboda babu takarda a hannu. Yaro, ka adana takardunka a leda, ka yi musu kwafi, ka ba wani amintacce ajiya.

Abu_Safwan:

Baba na ji, kuma bayanin malam ya gamsar da ni a kan rabon marayu, ban taɓa lura da shi ta nan ba. Ni dai tsorona Hajiyarsu. Kada a je neman haƙƙin jikoki a rasa albarkar uwa.

Tela_Hotoro:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban samu dawowa ba sai yau saboda zirga-zirga.

Abu Safwan, maganarka ita na fara bi. Na samu Hajiya ita kaɗai bayan Asuba, ban ce mata kotu ba, na ce mata haƙƙin su 'yar auta ne kuma malamai sun ce ba mu da ikon bayar da shi. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ita nata ta bar wa Allah, ba ta so ko a ambata mata, amma ba za ta hana jikokinta ba. Ta ce sharaɗinta kada a ɗaure direban saboda mu, shi ma ɗan wata ne. Zan gaya wa lauya haka, ya faɗa mana abin da ke hannunmu a ciki da wanda ba ya hannunmu.

Baffa har yanzu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Limamin masallacin Juma'armu ya yarda zai raka ni wurinsa jibi.

Barista, na je MTD, sun ce in rubuto takardar neman rahoton, na rubuta. Mai shayi ya ba ni lambarsa ya ce ko ina ne zai zo. Mai facin ya fara noƙewa. Yaron motar an ce an sallame shi daga aiki, ɗan wajen Wudil ne, wani ya yi min alkawarin kwatancen gidansu. Mai adaidaitan ya ba ni littafin biyan, na yi kwafi, shafi goma sha ɗaya ne, duk da sa hannun Yaya. Ban iya kallonsa sosai ba.

Maman Khalifa, na yi yadda kika ce. Na tafi da maiɗakina, na tsaya daga bakin ƙofa. Ashe ta san komai, tana jin duk abin da ake faɗa a tsakar gida. Ta ce tun ranar da aka kawo takardar take addu'a kada in sa hannu, amma ba ta da bakin magana a gidan miji tana cikin takaba. Ta ce a fara gwada sulhun, in sun ƙi za ta je kotu ko sau nawa ne. Ta ɗaga katifa ta miƙo wa matata wata baƙar leda, rasit ɗin makarantar yara ne da na haya na shekara shida, Yaya bai taɓa yar da ko ɗaya ba.

Litinin zan kai su ofishin lauyoyin. Tambaya ɗaya ta rage, Barista: takaba sai nan da wata uku za ta fita. Za a iya aika wa kamfanin wasiƙar tun yanzu, ko sai ta fito ta sa hannu da kanta?